A buɗe mana tsofaffin masallatai da coci-cocin ƙauye mu gani tun ba a gama rushe su ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan bani fili a jaridarmu in yi kira ga hakimai da dagatai da limamai da fastocin karkarar Kano da Jigawa, da kuma 'yan uwanmu da Allah ya buɗa musu a birni suke dawowa gida da niyyar aikin lada, don su ma maganar tafi shafa.

Tsofaffin wuraren ibada na ginin ƙasa da muke dasu a ƙauyuka ƙarewa suke yi, kuma ba damina ce kaɗai take cinye su ba, mu da hannunmu muke sa musu diga. Duk garin da ɗansa yayi kuɗi abu na farko da zaka ji shine a rushe masallacin Juma'a a yi na bulo da kwano mai kala da tayil har bango, Allah ya saka masa da alheri don niyyarsa mai kyau ce, amma kafin kace kwabo an kwashe ginin da kakannin kakanninmu suka yi sallah a ciki an je an cike kududdufi da ƙasarsa, ko hoto ɗaya babu wanda ya tsaya ya ɗauka. A garinmu ma yanzu haka maganar da ake ciki kenan, har an fara sauke yashi.

Abin da ya tayar min da wannan magana, ɗan yayata ne da yake karatu a garin Lincoln na Ingila ya turo min hotuna ta WhatsApp. Akwai wani yanki a wajensu da ake kira West Lindsey, karkara ce sosai ta manoma, duk shekara a watan Mayu sai su ware Asabar da Lahadi na sati biyu su buɗe coci-cocin ƙauyukan, sun kusa ɗari, kowa ya shiga kyauta ko Kirista ne ko ba Kirista ba. Shi da abokansa Musulmi suka hau mota suka yi ta bi ƙauye-ƙauye. Yace ko ina suka shiga tsofaffin mata ne a bakin ƙofa da shayi da kek, ka sha ka jefa abin da ya sawwaƙa a akwati, sai wani dattijo ya ja ku yana nuna muku wannan ginshiƙin shekararsa kaza, wancan kabarin na wane ne. A ƙauyen Stow akwai coci da wani ɓangarensa ya kai shekara 1000, a jikin dutsen bango akwai zanen jirgin ruwa irin na mayaƙan Viking da wani ya karce tun wancan zamani, yana nan har yau ba wanda ya shafe shi da fenti. Kusa da nan kuma akwai wani ɗan ƙarami a Coates, a tsakiyar gona yake, sai ka ratsa ta gidan manomi kafin ka kai, amma sassaƙar katakon da ke ciki tun ƙarni na 15 take. Har ƙananan ɗakunan ibada na 'yan ɗarikar Methodist waɗanda babu wani ado a cikinsu sai benci da mumbari suma ana buɗewa, don mai ɗarikar John Wesley ɗan wannan jiha ta Lincolnshire ne, a Epworth aka haife shi a 1703.

Kuma kar a ɗauka wai ibada ce tayi musu yawa. Cocin Ingila yana da gine-gine wajen 16,000, da yawa a ƙauyukan da ran Lahadi in an samu mutum goma an gode Allah, ɓarayi suna hawa suna ɓare musu dalmar rufi, jemagu sun cika musu saman gini kuma dokar ƙasarsu ta hana a taɓa jemage, wannan kam da naji sai da nayi dariya don namu yara da kyauro suke raba mu dasu. Da suka ga masu ibada sun ragu kuma rufi baya jira, sai suka ce to a buɗe ƙofa baƙo ya shigo ya gani, wanda ya gani shi zai ji zafin faɗuwar abin. Faransa ce ta fara irin wannan rana ta buɗe tsofaffin gine-gine a 1984, Ingila ta fara nata na ƙasa baki ɗaya a 1994 wanda ake yi duk watan Satumba, sannan tun 1969 Ingila tana da wata ƙungiya da aikinta kawai riƙon cocin da aka daina ibada a ciki, yanzu tana riƙe da sama da 350.

To mu namu ba irin nasu bane, masallatanmu a cike suke alhamdu lillahi, cikar ce ma take jawo rushewar. Amma ciwon ɗaya ne, mutum baya kishin abin da bai san darajarsa ba, kuma wallahi yawancin samarinmu basu san me suke zaune a ƙarƙashinsa ba.

Bari in kwatanta maka tsohon masallacin garinmu. Kaurin bangonsa daga ƙasa ya kai ka shimfiɗa hannunka duka baka taɓo ɗaya gefen ba, da tubalin hannu aka ɗora shi irin mai kan nan kamar ƙwai, ba na kwali ba. In ka ɗaga kai zaka ga bakan gizo sun taso daga ginshiƙai sun haɗu a tsakiya, an jera azara ta giginya a kai reras, a wajen haɗuwar an manna wata tsohuwar tasa ta tagulla da hayaƙin aci-bal-bal ya mayar baƙa ƙirin. Mumbarin na ƙasa ne hawa uku, tsakiyar kowane hawa ya lotsa saboda ƙafar limamai, ga sandar huɗuba a jingine hannu ya goge kanta tana sheƙi. A watan Afrilu da azahar lokacin da kwano yake gasa mutane a sabon masallacin bakin kasuwa ga fanka babu wuta, nan ciki sai kace ka zura kanka a randa, shi yasa tsofaffi basa yarda su yi ƙailula ko ina sai a nan. Magini ɗaya ya rage mana da ya san yadda ake jiƙa makuba a yi yaɓe da ita ruwa ya zame, ya san inda ake kafa indararo don kar ruwa ya ci gindin bango, idonsa ma ya fara rauni, 'ya'yansa kuwa duk bulo suke bugawa a Kano. Ran nan da ake maganar rushewa a ƙofar gidan dagaci yana zaune bai ce uffan ba, da aka tashi ne yake ce min, Malam, ginin nan fa ba tsufa ne ya kama shi ba, yaɓe ne ba a yi masa ba damina da yawa.

Na san me za a ce min, kuma da gaskiyar masu faɗa. Ba wanda ya manta watan Agusta na 2023 da wani sashe na masallacin Juma'a na Zazzau ya rufto ana sallar la'asar aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajajen 1830 da wani abu, wanda masana gini na duniya suke zuwa kallo. Mun kuma ga yadda ambaliyar 2022 ta narkar da gidajen ƙasa a Jigawa. Ginin ƙasa in aka yi masa sakaci kisa yake, ba wasa, ran mutum ɗaya yafi kowane bakan gizo. Amma maganin shine a duba shi duk rani, a canja azarar da gara ta ci, a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, in jama'a sun yi yawa a gina sabo a gefe a bar tsohon ana khamsu salawati da karatun yara a ciki. Fili ne ba mu da shi a ƙauye? Kano ta rushe tsohon babban masallacinta na ƙasa aka yi na yanzu a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, yau sai a hoto, Katsina kuwa da ta bar hasumiyar Gobarau kowa ya je garin sai an kai shi.

Sai maganar coci, wadda na san wasu zasu ce me ya kai malam can. Abin da ya kaini shine suna nan, kuma Hausawa ne 'yan uwanmu, kasuwa ɗaya muke ci dasu. Tun shekarun 1930 da mishan ɗin SIM suka samu shigowa karkarar Kano suka zauna a wurare irin su Roni da Tofa, suka riƙe asibitin kutare na Yadakunya, Maguzawa da dama suka bi su, daga baya a 1954 aka kafa cocin ECWA. A wata unguwa da ke bayan rafinmu akwai irin wannan ɗan coci, na ƙasa ne shima, kujerunsa dakali ne aka ja layi-layi aka shafe da siminti daga baya, ƙararrawarsu wilin babbar mota ne a rataye a jikin darbejiya ana buga shi da guntun ƙarfe. Na shiga ne dalilin rasuwar mahaifin wani tsohon ɗalibina, bayan an gama gaisuwa wani dattijon cocin ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito min da Littafi Mai Tsarki na Hausa tsohon bugu duk gefensa ya zagwanye, wanda dama a 1932 aka fara buga shi cikakke da Hausa, da wani littafi mai dogayen layuka da aka rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma da aure da wanda ya mutu, da sunan ubansa da unguwarsu. Na daɗe ina juya shi don na ga sunayen gidajen da yanzu jikokinsu a sahu ɗaya muke sallah. Turawan Ingila tun 1538 aka wajabta wa kowane cocin ƙauye ajiye irin wannan littafi, shi yasa mutum zai taso daga Amurka ya zo ƙauye neman sunan kakansa ya samu. Mu kuwa ka tambayi limamai nawa aka yi a masallacinmu, sai dai a ce je ka wajen Baba wane, ran da Baba wane ya tafi shi kenan. Su ma Kiristocin namu cutar bulo ta kama su fa, kowane fasto burinsa ya rushe ya faɗaɗa, alhali a Wusasa ta Zariya cocin St Bartholomew da aka yi a 1929 da ginin ƙasa irin na Hausa yana nan tsaye ana alfahari da shi.

Shawarata ba mai cin kuɗi bace. Kowace ƙasar hakimi ta zaɓi Asabar da Lahadi ɗaya bayan an gama kaka, hanya ta bushe hatsi ya shiga rumbu mutane suna da sukuni. Dagatai su kawo sunan duk wani tsohon masallaci da coci da makarantar allo mai tarihi da ke ƙasarsu, a sanar a rediyo da Facebook. Masallaci a buɗe daga hantsi zuwa kafin azahar, coci kuma ran Lahadi sai sun tashi daga sujada. A zaunar da dattijo ɗaya a kan tabarma yana bada labari, yaro mai waya yana naɗa, malamin makaranta ya rubuta a littafi a bar wa liman. Matan gari su kawo fura da kunun zaƙi da ƙosai su yi cinikinsu, a ajiye asusu a bakin ƙofa, abin da aka tara a ƙirga a gaban jama'a a sayi azara da makuba a yi gayyar yaɓe kafin bazara ta wuce. Hedimastoci su kawo 'yan aji shida da 'yan sakandare, a jawo magini ya nuna musu yadda ake murza tubali, ko mutum biyu suka kama sana'ar an ci riba. A Jigawa ma ana iya haɗawa da zanen duwatsun Birnin Kudu tunda hanya ɗaya ce.

Batun ko wanda ba Musulmi ba zai taka cikin masallaci wannan na malamai ne, mazhabarmu ta Malikiyya tana da tsanani a kai, duk abin da limamin gari ya yanke a bi, in a haraba aka ce a tsaya ai daga bakin ƙofa ma ana hango bakan gizo. Haka Musulmin da zuciyarsa bata kwanta da shiga coci ba babu mai jan hannunsa. Ba wa'azi za a je yi ba, ba kuma muƙabala ba, duk wanda ya zo da wannan 'yan sintiri su raka shi bakin titi. Kuma don Allah kar a kira 'yan siyasa su buɗe taron, in suka shigo sai kanofi da kujerun roba da jawabi har la'asar, tsohon da aka zo saurara yana gefe yana gyangyaɗi.

Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da masu Gidan Makama da malaman sashen zanen gine-gine na jami'o'inmu na Kano da Wudil, ku ma da ku nake, ɗalibanku suna neman abin rubuta furojet ga shi nan a ƙauye yana zubewa, ku turo su da tef da kyamara su auna. Kai kuma Malam Edita in da hali ka turo mana wakilinka da mai hoto kafin tifa ta gama sauke yashin nan, zan kai shi wajen maginin da kaina, ran kasuwa ya zo don ranar ce ake samun mota har cikin gari.

Wassalam, na gode.

Naka mai karatu kullum,
Wani tsohon malamin firamare, daga karkarar Karaye, Jihar Kano