A koya wa ɗalibai gina hujja kafin su shiga jarrabawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan insha'in muhawara, wanda ke kayar da ɗalibai da yawa a takardar Turanci ta WAEC da NECO.

A WAEC insha'i maki 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Ana son kalmomi kamar 450 cikin minti 50. Kowane kuskure na nahawu ko rubutun kalma ko alamar rubutu rabin maki yake ci daga goman ƙarshe, kuskure 20 ke nan sun cinye su tas.

Inda aka fi asara shi ne jera dalilai ba tare da an gina ko ɗaya ba. A ce tambayar ita ce makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Sai yaro ya rubuta cewa ana samun tarbiyya, ana samun lokacin karatu, ana samun abokai, dalili bakwai a layi bakwai. Mai duba takarda ba yawan dalilai yake nema ba. Uku sun isa, kowanne da sakin layinsa na kalmomi kamar 100. Jimlar farko ta faɗi hujjar: ɗan kwana ya fi samun lokacin bita. Na biye su bayyana yadda hakan ke faruwa: akwai karatun dare na dole ƙarƙashin kulawar malami, alhali ɗan jeka-ka-dawo na komawa gida ya tarar da aike, da ɗebo ruwa, da rashin wuta. Sai misali guda, sannan jimlar da za ta ɗaure maganar da batun da aka tambaya.

Wajibi ne ɗalibi ya ɗauki ɓangare tun a gabatarwa, ya tsaya a kai. Wanda ya ce kowane ɓangare na da gaskiyarsa ya zubar da makin ƙunshiya. Amma kafin kammalawa ya ɗauko hujjar da abokin hamayya ya fi taƙama da ita, misali tsadar kuɗin makarantar kwana, ya amsa ta a kalmomi 50 zuwa 60. Wannan sakin layi ne akasarin yara ke tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi nuna cewa yaro na tunani.

A kuma karanta tambaya da kyau. In an ce kai mai magana ne a gasar muhawara, dole a buɗe da gaida shugaban taro, alƙalai, mai kula da lokaci, abokan karawa da 'yan kallo. In maƙala aka nema, take ake sa mata, ba gaisuwa ba. Minti 5 na farko a tsara hujjoji, 5 na ƙarshe a bi rubutun a gyara.

Roƙona ga malamai su daina ba yara insha'i su haddace, domin da an sauya kalma ɗaya a tambaya haddar ta tashi a banza. Tun daga aji huɗu na sakandare a riƙa ba su sakin layi guda kowane mako, a duba da jan biro, a mayar musu su sake rubutawa.

Wassalam.

Wani malamin Turanci,
Zariya