Annabawa ba sa shiga jeri ɗaya da masana falsafa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutun da kuka buga a makon jiya, inda wani marubuci ya jero mutanen da yake ganin sun fi kowa daraja a tarihi, ya sa annabawan Allah a layi ɗaya da Sukurat da Aflatun, har ya ba kowa lamba. Ban yi zaton da mugun nufi ya yi ba, amma annabci zaɓi ne na Allah, ba matsayi ba ne da mutum ke kaiwa da zurfin tunani, saboda haka ni ba ni da ma'aunin da zan ɗora annabi a kai. Waɗanda ake iya aunawa su ne malamai da masana, kuma ina roƙon ku ba ni fili in faɗi nawa jerin.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne kan gaba, kuma na san za a ce Basakkwace ba zai faɗi wani abu dabam ba, don haka na wuce. Wanda nake so in tsaya a kansa shi ne ƙanensa, Malam Abdullahin Gwandu. A shekarar 1807, jihadi yana kan cin nasara, ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano ne suka tare shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda shugaba zai riƙe jama'a bisa shari'a, sannan ya komo gida. Mutumin da ya juya wa ganima baya a lokacin da take hannunsa, a ganina, ya fi wanda ya yi wa'azin gudun duniya alhali duniyar ba ta taɓa zo masa ba.

Da wannan ma'auni ne na sa Imamu Gazali a bayansa, domin shi ma a 1095 ya ajiye kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza, ya yi shekaru yana neman gyaran zuciyarsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da littafin Gazali, Ihya'u, a gafaka, gefen takardun ya yi baƙi saboda yawan buɗawa, kuma daga bakinsa na fara jin sunan.

Sai Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta naɗa jajis, wato jagororin mata ɗalibanta da ake kira 'yan taru, ta ba su malfa, ta tura su ƙauyuka suna koyar da mata addini ta hanyar waƙa. Duk wanda ya je Hubbare ya ga tsofaffin mata daga karkara sun zo ziyara ƙungiya-ƙungiya, ya san aikin 'yan taru bai bi ta kabari ba.

Sukurat ma ban hana shi wuri ba, tunda ya gwammace ya sha guba da ya janye abin da ya yarda gaskiya ne. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne marubucin ya tafi har ƙasar Girka neman mai falsafa, ya tsallake Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya yi rubutu a falsafa da tarihi, wanda kuma Bature Barth ya sadu da shi a 1853 ya yaba iliminsa ƙwarai. Ina roƙon ku nemi wani daga malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta mana shafi guda a kansa.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga unguwar Mabera, Sakkwato