Game da aikin Yaya

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya jikin Yaya? Allah Ya ƙara sauƙi. Wata da watanni shiru, sai da likita ya ambaci DIEP, wato aikin sake gina nono da naman jikin mace, kika tuna ina duniya!

Tunda an yi mata gashin kansa (radiotherapy) bayan cire nonon, ni ma naman jikinta zan zaɓa, don nonon roba na silikon yakan ƙanƙame ya taurare a fatar da ta sha gashi. A DIEP fata da kitsen mara ake yankowa tare da jijiyoyinsu na jini a kai ƙirji, a bar tsokar ciki a wurinta. A wani nau'in aikin da ake kira TRAM kuwa har tsokar ake ɗauka, shi ya sa bangon ciki ke yin rauni ya turo. A DIEP ɗin ana cire ɗan guringuntsin haƙarƙari na 3, a ɗinke jijiyoyin da na ƙirji ƙarƙashin madubin tiyata, kaurinsu milimita 2 zuwa 3. Aikin yakan ci awa 6 zuwa 8. Tabon tiyatar haihuwa galibi ba ya hanawa, amma a fara ɗaukar hoton jijiyoyin cikin da CT.

Abin da ke raina shi ne kwana ukun farko. Da farko duk awa ake duba naman, dare da rana. A danna da yatsa, launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. In ya yi fari fat, ya yi sanyi, jini ba ya shiga. In ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, jini ne ya shiga ya kasa fita, kuma wannan ya fi faruwa. Ko wanne kika gani, kira ma'aikaciyar jinya nan take, don gudan jini sai an koma tiyata, jinkiri kuma kashe naman yake. Wannan kunyar taki ta "kada in dame su" ki bar ta a gida.

Af, mutumin naki har yanzu yana busa sigarinsa a falo? Hayaƙin na tsuke jijiyoyi, kada ya kusanci Yaya. Kuma wai da gaske autarku ta fasa auren? Ban ji daga bakinki ba.

Robar tsotse ruwa da ake sakawa a wurin aikin sai abin da take fitarwa ya gaza mililita 30 a rana za a cire. Ba ɗaukar kaya mai nauyi har mako 6. In daga baya ta ji ƙullutu mai tauri, sau da yawa kitse ne da jini bai ishe shi ba, amma dole likita ya gani.

Ki gaida Umma. Ki sanar da ni ranar da aka sa.

Taki har kullum.