Kujera ta karye da ni a gaban dangin mijina

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Ranar Asabar a wajen yinin bikin ƙanwar maigidana a Gwammaja kujerar roba ta karye da ni. Sai ga ni a ƙasa warwas, ɗankwali a gefe, mata uku na kici-kicin ɗaga ni. Yayarsa, wadda tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa ƙaunata ba, har da tafa hannu wai a kawo min turmi. Yau kwana biyar ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Ni Hajiya ba ci ne ya kai ni nan ba. Ƙiba a jininmu take, haka mahaifiyata take. Da kilo 70 aka kai ni ɗaki, haihuwa uku ta mayar da ni 132. Babu shayin rage teɓa da ban sha ba, har tuwo na bari wata huɗu ina cin acca. Na sauke kilo 9, suka dawo da 'yan rakiya. Ban ce ba na shan lemo ba, amma wa zai iya zafin Kano?

Tun kafin azumi likitar da ke duba ni saboda suga ta tura ni wajen likitan tiyata, ya zana min aikin rage ƙiba iri biyu a takarda. Ɗaya suna ce masa silib: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siriri kamar ayaba, abin da aka cire kuma ya tafi ke nan. Ɗayan baifas: a ware ɗan aljihu kamar ƙwai a saman tumbin a jona shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran. Ya ce baifas ya fi kwantar da suga, silib kuwa yana iya tsananta ƙwannafi. Af, ban faɗa miki ba, ina fama da ƙwannafi, da filo uku nake kwana. To amma baifas ɗin sai da bitamin da maganin ƙarin jini har ƙarshen rayuwa, in na sha zaƙi sai zufa da jiri da gudawa, kuma na yi sallama da maganin ciwon nan diclofenac. Ni kuwa da shi gwiwata take kai ni bayan gida. Shekara biyu ke nan a zaune nake sallah.

Ya kuma ce ko wanne aka yi, ba ɗaukar ciki sai bayan wata 12 zuwa 18. Nan ake yin ta. 'Ya'yana uku duk mata, maigidana kuwa namiji yake so. Da na nuna masa takardar ko karɓa bai yi ba, ya ce haka Allah ya halicce ni, ba da shi za a farke min ciki ba. Mutumin da rabon da ya ɗauke ni a mota mu je unguwa tare har na manta! Ranar bikin ma yana waje, labari ya same shi, da ya dawo cewa ya yi a zuba masa abinci. Kuma na san yayar tasa ta nemo masa wata, kunne ya ji.

Ina da sarƙar gwal da filin gado a Kumbotso. Wata ƙawata a Alkahira aka yi mata silib, ta rame ta yi kyau, sai dai gashinta ya zube sosai a watannin farko, kuma in wani abu ya taso likitanta yana can.

Wallahi don lafiyata nake so, ba don su ba. Amma in na sayar da filin na yi ba da yardarsa ba, ina da alhaki? In kuma na rame ya ƙara auren duk da haka fa? Mahaifiyata ba ta san komai ba tukuna, tana da hawan jini.

'Yarki daga Kano.