Hannun da Na Miƙa wa Ubangiji

Ɗana,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna lafiya a nan Agege, sai ƙafar babanka da ta sake tashi da daminar nan. Rubutowa na yi domin a waya "to Mama, to Mama" kake yi mini ka kashe.

Tun da ka kwashe kayanka ka koma Ajah hankalina bai kwanta ba. Yanzu ga magana ta iso har Zumuntar Mata, wai yaran da kuke zaune tare ba sa fita aiki, kwana suke yi a kan kwamfuta, wai kuma ta asusunka na banki ake karɓar kuɗin da ba ka san mai shi ba. Ban ce na gaskata ba. Amma abin da ka turo mini watan jiya ya fi albashin da ka ce ana biyanka, ni kuwa a Mile 12 na tsufa ina sayar da albasa, na san yadda kuɗin gumi yake shigowa. Ban taɓa ko kwabo a ciki ba.

Da na tambaye ka, cewa ka yi in kwantar da hankalina, ai kana fitar da zakka. Wannan amsar ce ta hana ni barci. Yaushe Allah ya zama ɗan kamasho da za a yanka masa ɗaya bisa goma ya kau da kai? Sarki Saul ma da ya ɓoye kyawawan tumakin Amalekawa cewa ya yi na hadaya ne, Sama'ila ya gaya masa biyayya ta fi hadaya, sarautar kuma ta kuɓuce masa.

Ka buɗe Littafin Firistoci sura 8. Ranar da Musa ya keɓe Haruna da 'ya'yansa ga Ubangiji, rago ya yanka, ya shafa jinin a kunnensu na dama, da babban yatsan hannun dama, da babban yatsan ƙafar dama. Abin da za su saurara, abin da za su taɓa, inda za su taka, duk ya zama na Allah. Kada ka ce mini wannan na firistoci ne; a 1 Bitrus 2:9 mu duka aka kira firistoci, a Romawa 12:1 kuma jikinmu aka ce mu miƙa. Jikin nan da kake shiga danfo da shi ranar Litinin. Dubi babban yatsanka na dama, ɗana. Da shi kake danna waya. Idan da shi ake tura saƙon da zai raba wata tsohuwa a Amurka ko Ingila da kuɗin fanshonta, ko da ba kai ka rubuta ba, asusunka kawai ka ba da aro, to yatsan da aka keɓe ne ya yi sata.

Mutane suna ta yi mini zancen EFCC, hukumar nan mai kama 'yan damfara. Wanda aka kama yana iya fitowa. Abin da nake tsoro shi ne na Samson: ya farka yana cewa zai fita kamar kullum, bai sani ba Ubangiji ya rabu da shi. Bai sani ba! Ka ci gaba da zuwa sujada, kana waƙa, kana jefa baiko mai kauri, ana yaba maka, alhali an riga an tafi an bar ka. Wannan nake gani idan na rufe ido, har abinci ya fita raina.

Ka san abin da na faɗa wa Allah a asibitin nan kana ɗan wata bakwai. Ban ce ya mai da kai fasto ba, cewa na yi kai nasa ne, kuma ban janye ba. Yayarka tana cewa na takura maka tun kana yaro, shi ya sa ka gudu. Ta faɗi abin da take so. Da na sake ka a lokacin da ka sani, da yanzu kana ina? Kuma kar ka kawo mini zancen wai Legas ce, sai da dabara. A nan Legas ɗin Gowans da Kent da Bingham suka sauka a 1893 don su kai bishara ƙasarmu, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu. Mu ma a nan muka raine ku da abin da hannunmu ya kama.

Na yi zafi, na sani, zuciyar uwa ce. Idan ƙarya ake yi maka, zo ka dubi idona ka faɗa, ni da kaina zan tsaya a gaban matan nan in wanke ka. Idan kuma akwai gaskiya a ciki, ka karɓe asusunka daga hannunsu yau, ka fito daga gidan. Ɗakinka yana nan, ba wanda zai yi maka gori. Ban gaya wa babanka ba tukuna, amma ba zan iya riƙe maganar ta wuce makon nan ba. Ka taso da sassafe ranar Asabar kafin gosulo ya kama, za mu zauna mu biyu kafin ya dawo.

Mahaifiyarka