Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja na Jos da kewaye.

Ga abin da kwamitin gudanarwa ya tattara na bana. Karatun ranar Asabar ya ci gaba kamar yadda aka saba, sai a watan azumi da aka ɗage shi. Maganar kuɗin wata ma'aji zai kawo nasa bayanin, mu dai muna roƙon masu bashi su tuna janareta ba ruwa yake sha ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne Qt Designer, manhajar da ake zana fuskar wasu manhajoji da ita. Sababbin shiga na ƙaunarsa, don da linzami kawai mutum zai jawo maɓalli da akwatin rubutu ya jera, taga ta fito tsaf. Rigimar tana gaba. Designer yana ajiye zanen a fayil ɗin .ui, wanda XML ne (wani tsarin rubuta bayanai), sai wata ƙaramar manhaja mai suna pyuic5 ta mayar da shi sabon fayil na yaren Python. Da yawa sukan shiga wannan fayil ɗin da aka fitar su yi ta gyare-gyare, alhali gargaɗi na nan a samansa cewa duk gyaran hannu zai ɓace in aka sake fitarwa. Haka wasu suka yi asarar aikin kwana da kwanaki don kawai sun matsar da maɓalli guda. Saboda haka muka tsayar da doka: wannan fayil ba a taɓa shi. Ka buɗe naka ajin (class, wato rukunin umarni) daban, ka kira setupUi, umarnin da ke jera zanen a taga, gyaranka duka ya zauna can.

An gwada dokar a manhajar lissafin shago da muka haɗa wa wasu 'yan kasuwar Terminus. Akwatin kuɗi mun rubuta masa aji na musamman mai saka alamar ₦ da waƙafi bayan dubu, sannan muka ɗaura shi a Designer ta hanyar Promote to, zaɓin da ke ba ka damar sa naka ajin a madadin na asali, zane bai lalace ba. Akwatin suna ya ba mu ɗan ciwon kai: matatar rubutun da aka sa masa haruffan a zuwa z kaɗai ta sani, ta ƙi karɓar Ɗanjuma da Ƙasimu, sai da aka ƙara mata ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Masu son ajami kuma umarnin setLayoutDirection ya juya musu taga daga dama zuwa hagu.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu koma Qt 6, wanda ya fito tun Disamba 2020. A PyQt6, wato abin da ke haɗa Qt 6 da Python, babu umarnin exec_ sai exec, don haka kowa ya zo da tsohon aikinsa a kwamfuta a gyara tare.