A ɗauki kwas ɗin koyon harshe a matsayin cikakken aikin soja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wani al'amari da ba kasafai ake taɓo shi ba idan ana maganar horar da sojoji, wato irin tanadin da ya kamata a yi wa jami'in da aka tura koyon harshen waje. Galibi idan runduna ta yanke shawarar tura mutanenta irin wannan kwas, hankalin manya yakan tsaya ne kan makarantar da za a je da kuɗin da za a biya, sai a bar masauki da albashi da iyali da lokacin karatu su zama matsalar sojan shi kaɗai. A ganina waɗannan abubuwan da ake rainawa su ne ke sa mutum ya dawo da harshe a bakinsa, ko kuwa ya dawo da takardar shaida kawai.

Da farko ya kamata a fahimci tsawon lokacin da aikin yake ci. Makarantar koyar da harsuna ta ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ta samo asali a 1941 a birnin San Francisco domin koyar da Japananci, aka kuma mayar da ita Monterey ta jihar Kalifoniya a 1946, tana ware mako 36 ga Faransanci da Sifaniyanci, mako 48 ga Rashanci da Farisanci, sannan mako 64 ga Larabci da Sinanci da Koriyanci. Ɗalibi yana shafe kimanin awa 6 a aji kowace rana, ga kuma aikin gida da dare. Wanda zai zauna fiye da shekara yana wannan fama bai kamata a yi masa shirin da ake yi wa mai zuwa taron bita na mako biyu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda a wurare da dama ake kallon sojan da ke kwas a matsayin hannun da ya yi rara, wanda za a iya jawowa duk lokacin da aka rasa mai gadi. Duk malamin da ya taɓa koyar da masu kaki ya san kamannin ɗalibin da ya kwana a bakin ƙofar bariki: ya shigo aji idanunsa jawur, ya sa abin sauraro a kunne, kafin a kai rabin labaran rediyon da aka saka masa kansa ya fara rinjaya, alƙalami ya zame daga hannunsa. Ba a kama shi da laifin lalaci ba, domin umarni ya bi. Amma darasin ranar ya wuce shi, kuma harshe ana gina na yau ne a kan na jiya, saboda haka kwana uku irin wannan a wata guda sun isa su bar shi a baya har ƙarshen zango. Ban ce a raba shi da fareti da motsa jiki da ladabin soja ba, domin soja ne kafin ya zama ɗalibi. Abin da nake cewa shi ne a rubuta ƙarara cikin takardar umarnin tura shi cewa karatu shi ne aikinsa na wannan lokaci, a kuma mayar da shi ƙarƙashin kwamandan makarantar, yadda bataliyar da ya baro ba za ta riƙa kiransa ba.

Sai batun iyali da kuɗi. A tsarin sojan Amurka, kwas ɗin da ya kai mako 20 ana lissafa shi a matsayin canjin wurin aiki, wanda ke buɗe ƙofar kwashe kaya da tafiya da iyali. Ba lallai ne kowace ƙasa ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, amma hikimar da ke ciki abar koyi ce, wato a tsai da magana guda tun kafin tafiya: ko iyali su bi shi a ba su muhalli, ko su zauna a gidan da suke a bariki ba tare da an tashe su ba, a kuma ba shi hutun ganin gida a tsakanin zanguna. Haka nan albashi da alawus. Sau da yawa fayil ɗin mutum yakan maƙale tsakanin ofishin da ya baro da wanda ya je, kowanne yana cewa ɗayan ne zai biya. Sojan da matarsa ke bugo masa waya kan kuɗin makarantar yara yana tsaka da haddar kalmomi, wallahi ba zai riƙe komai ba. Gyaran wannan bai buƙatar sabon kasafi, illa a ayyana ofishi guda da zai riƙe biyansa daga ranar tashi zuwa ranar dawowa.

Ga wanda za a tura ƙasar waje kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo da biza da takardar gwajin lafiya da rigakafi duk suna da lokacinsu, kuma ɗalibin da ya iso bayan an yi mako biyu da farawa ya rasa lokacin da ake koyar da haruffa da furuci, wanda a harshe irin Rashanci ko Koriyanci shi ne tushen komai. Cibiyar koyar da Turanci ta sojan Amurka da ke sansanin Lackland a San Antonio, inda sojojin ƙasashe da yawa ke zuwa, tana aiki da jarrabawar da ake yi wa mutum tun yana ƙasarsa domin a san matakinsa. Wannan ya kawo ni ga batun zaɓen waɗanda za a tura. Kwas ɗin waje yana da alawus, saboda haka akwai jarabar a mayar da shi lada ga na kusa da manya. Amurkawa suna da jarrabawa ta musamman da ke auna baiwar koyon harshe kafin a ba mutum gurbi, kuma ko ba a kwaikwayi tasu ba, kowace runduna za ta iya tsara gwaji na gaskiya, ta kuma fara duba waɗanda suka tashi da harsuna biyu ko uku, musamman 'ya'yan yankunan kan iyaka.

Bayan an kammala ma akwai sauran aiki, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ƙungiyar tsaro ta NATO tana da ma'auni mai suna STANAG 6001, wanda ke auna sauraro da magana da karatu da rubutu daga mataki na 0 zuwa na 5, yadda kwamanda zai san ko jami'insa gaisuwa kawai ya iya ko zai iya zaman tattaunawa. Irin wannan sakamako ya kamata ya shiga fayil ɗin soja, a riƙa sabunta shi da jarrabawa lokaci zuwa lokaci, a kuma haɗa shi da ɗan ƙarin kuɗi kamar yadda sojan Amurka ke yi wa masu riƙe da harshensu. Babban abin takaici shi ne a kashe wata tara ana koya wa mutum Faransanci, sannan a tura shi ɗakin ajiyar kaya inda ba zai ji kalma ɗaya ba, alhali rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a N'Djamena tana haɗa masu Turanci da masu Faransanci a fagen daga ɗaya, kuma ayyukan kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo suna gudana ne a ƙasashen da harshen hukumarsu Faransanci ne. A shingen bincike, sojan da ya gane abin da direba ke faɗa masa bai cika saurin ɗaga bindiga ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kula da lamarin.

Saboda haka ina kira ga kwamitocin tsaro na majalisun dokoki da su riƙa neman bayani a rubuce duk lokacin da aka kawo musu kasafin horarwa: mutum nawa aka tura koyon harshe, nawa suka kai matakin da ake so, kuma a ina aka ajiye su bayan sun dawo. Ina kuma roƙon wakilanku masu bibiyar harkokin tsaro su yi wa kakakin runduna waɗannan tambayoyi a taron manema labarai, su kawo mana amsar a wannan shafi.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku